Kuɗin Mota Ma Yana Cikin Kuɗin Karatun Likita

Imamu Gazali ya lissafa ilimin ɗibbu a cikin farillan kifaya, wato irin wajibin da idan wasu suka ɗauke shi ya sauka daga kan saura, idan kuwa aka rasa mai ɗauka to alhakin ya hau wuyan jama'a baki ɗaya. Kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da ke kansa, sai da ya yi talifi a kan magunguna da kiwon lafiya. Malaman usulu kuma suna da wata ƙa'ida, cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, to shi ma ya zama wajibi. A kan wannan ƙa'ida nake so in gina maganata game da wani al'amari da ake rainawa, wato yadda ɗalibin likitanci yake zirga-zirga a cikin birni.

Duk wanda ya san Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, ya san ƙasa ce wadda Allah Ya albarkace ta da ruwa da kifi da shinkafa, har tsuntsayen Turai suna yin hijira zuwa fadamarta, abin da ya sa aka shigar da ita cikin jerin dausayin duniya na Ramsar a 2008. Amma ruwan nan da yake rayar da mutane shi ne kuma yake raino musu sauro da tsargiya, kuma idan kogin Haɗeja ya yi ambaliya, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, sai hanyoyi su yanke, mai naƙuda ko wanda maciji ya sara ya zama sai an sa shi a kwalekwale kafin a kai ga motar da za ta isar da shi babban asibitin Haɗeja. Babu ƙasar da ta fi irin wannan bukatar likita ɗan gida, wanda ya san harshen mutane da yanayin ciwonsu.

To, a ƙaddara yaron wannan yanki ya yi hazaƙa, ya sami gurbi a Jami'ar Bayero, ya sauka a tashar 'Yankaba da jakarsa. Zai tarar da cewa karatun nasa na shekara 6 a warwatse yake cikin birnin Kano: sabuwar jami'a tana can kan hanyar Gwarzo, tsohuwar tana kusa da Kabuga, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana kan hanyar Zariya, ga kuma asibitin ƙashi na Dala da na masu taɓin hankali a Dawanau, kowanne da nahiyarsa. Wanda bai dace da ɗakin kwana kusa da inda yake karatu ba, sai ya raɓa a gidan dangi ko ya kama haya a bayan gari, kullum ya ratsa cunkoson birni safe da yamma.

Da can acaɓa ne gatan mai sauri, har zuwa watan Janairu na 2013 da gwamnatin Kano ta hana shi ɗaukar fasinja bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Daga nan jama'a suka dogara ga Adaidaita Sahu, wanda shi ma a 2022 aka hana shi yawo daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda tsaro. Da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kuwa, kuɗin mota ya yi tashin da ya sa ɗalibi talaka yakan tsaya yana auna wanne zai bari, karin kumallo ko abin hawa.

Wasu za su ce ai wahala tarbiyya ce, magabata ma a ƙasa suka taka zuwa neman ilimi. Haƙiƙa haƙuri yana cikin ladubban ɗalibi, sai dai karatun likita yana da wata siffa da ta bambanta shi da sauran fannoni, domin rabinsa a gefen gadon majinyaci ake ɗaukarsa, a lokacin da babban likita yake zagayen safe, ko da tsakar dare a ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata. Wanda ya makara kuwa babu littafin da zai biya masa abin da ya wuce shi, kuma giɓin da ya samu yau wani majinyaci ne zai biya kuɗinsa gobe. Lamarin ya fi tsanani ga 'ya'ya mata, waɗanda fitar dare take yi wa wuya, kuma ɗaukar shatar ɗan sahu ta fi ƙarfin aljihunsu, alhali su ne matanmu na karkara suka fi sakin jiki da su wajen awon ciki da haihuwa.

Saboda haka ra'ayina shi ne, duk hukumar da take ba da tallafin karatu ta ware kuɗin zirga-zirga daban, ta riƙa sabunta shi gwargwadon farashin mai, ta kuma biya a kan kari. Jami'o'i su fifita ɗaliban da suka shiga asibiti wajen rabon ɗakunan kwana, su kuma tanadi motar da za ta riƙa kai su da ɗauko su a lokutan aiki. Dutse, wadda jami'arta ta tarayya aka kafa a 2011 kuma garin bai cushe ba tukuna, tana da damar gyara wannan tun da wuri, ta gina masaukin ɗalibai a jikin asibitin Rasheed Shekoni.

Ku kuma attajiran masarautar Haɗeja, da manyan manoman shinkafa da dillalan kifi, da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa, ga ƙofar sadaka mai gudana a buɗe: gida guda da aka yi waƙafinsa kusa da asibitin koyarwa, ko mota guda da aka tsayar don 'ya'yan yankin, za su amfani ɗalibai zubi bayan zubi, bisa alkawarin cewa wanda ya gama zai dawo ya yi wa mutanensa aiki na wasu shekaru. Farillar nan a kanmu take gaba ɗaya, kuma ba za ta sauka ba sai mun isar da yaranmu bakin gadon majinyaci a kan lokaci. Allah Ya ba mu ikon sauke ta.