Wa Ya Ƙirga Ungulayen Garinmu?

Kafin mu shiga batun wannan mako, ga tambaya: yaushe rabonku da ganin ungulu da idonku, a kan rufin rumfar mahauta, ko tana jewa a sama ranar kasuwa?

A hutun da ya wuce mun yi ta yi wa mutane wannan tambaya a Funtua da Bakori da Malumfashi. Dattawa suka ce a da ungulaye cika kwata suke yi, har sai mahauci ya kore su kafin ya samu wurin shimfiɗa fata. Yara kuwa da yawa sun ce a karin magana kawai suka san ta, inda ake cewa ungulu ba kya jewar banza. Da muka tambayi dattawan ko guda nawa suke gani a da, kuma a wace shekara suka fara raguwa, sai magana ta rabu. Wani ya ce tun zamanin soja, wani ya ce abin bai daɗe haka ba. Duk cikinsu babu wanda ya taɓa rubutawa.

Wani zai ce to mene ne don ƙazamar tsuntsuwa ta ɓace? Ungulu ce mai sharar gari da ba a biyanta ko sisi. Tana cinye mushe kafin ya ruɓe ya tara ƙudaje da karnuka. A ƙasar Indiya an ga abin da rashinta ke jawowa. Daga shekarun 1990 ungulayen ƙasar suka dinga mutuwa saboda wani maganin dabbobi mai suna diclofenac, wanda ke lalata musu ƙoda idan suka ci mushen saniyar da aka ba shi. Fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu jinsuna uku suka ƙare, karnukan titi suka yawaita, su ne kuma masu yaɗa ciwon haukan kare. A 2006 gwamnatin ƙasar ta hana ba dabbobi maganin. Abin da ya taimaka aka gane girman ɓarnar shi ne akwai ƙidayar shekarun baya da aka gwada da sabuwa.

Irin ungulun da muka saba gani a kwata ma tana cikin hatsari. Tun 2015 ƙungiyar IUCN, mai lura da halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya, ta sa ta a sahun waɗanda suke gab da shuɗewa. Ana kashe ta ana sayar wa masu tsubbu, tana cin mushen da aka sa wa guba, ana kuma sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai. Ga shi ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, don haka gurbin wadda aka kashe ba ya cikewa da wuri.

A wasu ƙasashe, mutanen gari ne suke riƙe da irin wannan lissafi, a kyauta. A Amurka, tun shekarar 1900 masu sa kai suke fita a ƙarshen kowace shekara suna ƙirga tsuntsaye. Mutum 27 ne suka fara, yanzu dubbai ne. A ƙasashen bakin teku kuwa, masu sa kai kan zauna a kan duwatsun gaɓa, ko su hau jiragen ruwan fasinja, suna rubuta tsuntsayen teku da dolfin da wel da suka gani. Wel ita ce dabbar nan ta teku mai siffar kifi wadda ta fi giwa girma nesa ba kusa ba, amma iska take shaƙa, tana kuma shayar da ɗanta nono. Akwai wani jinsinta da zanen ƙarƙashin wutsiyar kowace ɗaya ya bambanta da na saura, kamar zanen yatsunmu, shi ya sa hoton da matafiyi ya ɗauka yake taimaka wa masana su bi sawun dabba guda tsawon shekaru. An yi farautar wel har ta kusa ƙarewa, sai aka dakatar da farautarta don kasuwanci daga 1986. Da ƙidaya aka tabbatar cewa wasu jinsunan sun farfaɗo.

Mu nan ba mu da teku, amma muna da dam ɗin Mairuwa da na Gwaigwaye da na Malumfashi, ga fadamu da gonaki da kwata. Aikin ma ya riga ya iso ƙasarmu. Akwai ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya da aka fara a 1967, wadda ake yi a watan Janairu, kuma ana yin ta a dausayin Haɗeja da Nguru, inda agwagin daji da sauran tsuntsaye ke zuwa daga Turai su yi cin rani. A 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI, da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, ta fara aikin haɗa taswirar tsuntsayen Najeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da 9 faɗi. Mai sa kai yakan shiga gida ɗaya ya rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa, ya aika ta manhajar waya mai suna BirdLasser. Da yawa daga masu wannan aiki ɗalibai ne, har da 'yan Arewa.

To ku da kuke sakandare fa, da me za ku fara? Littafin rubutu ɗaya da biro sun isa. Ku zaɓi wuri guda da kuke zuwa kullum, kamar filin makaranta ko gonar gida ko kwata ranar kasuwa. Ku sa rana guda a mako da lokaci guda, misali Asabar da hantsi, na minti 20. A kowane fita ku rubuta kwanan wata, wurin, ƙarfe nawa kuka fara da ƙarfe nawa kuka gama, sannan sunan tsuntsu da adadinsa. Idan garke ne babba, ku ƙirga goma ku ga faɗin da suka ci, sai ku auna sauran goma-goma. Wanda ba ku san sunansa ba, ku rubuta girmansa da launinsa da siffar bakinsa, ku tambayi malamin bayoloji ko wani tsoho a unguwa. Kada ku yi cika-baki. Idan kuka je kwata ba ku ga ungulu ko ɗaya ba, ku rubuta sifili, domin sifilin nan shi ne shaidar da muka nema a wurin dattawa muka rasa.

Ba sai kun san tsuntsaye da yawa ba. Ku fara da biyar da kowa ya sani: ungulu, shamuwa, balbela, shirwa da hankaka. Shamuwa ma kaɗai ta isa aikin shekara. Da rani tana can gabashi da kudancin Afirka, sai ta dawo mana gab da damina ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, shi ya sa manoma ke ɗaukar isowarta a matsayin albishirin ruwa. Fara da tsutsotsi take ci, ita da balbela, wato suna taya mai masara da mai auduga yaƙi da ƙwari. Ku rubuta ranar da kuka fara ganinta a bana, da yawan sheƙar da ke itacen unguwarku, da ranar faɗuwar ruwan farko. Idan aji bayan aji suka ci gaba da cika littafin, bayan shekara goma makarantarku za ta iya faɗin ko shamuwa na raguwa, da ko zuwanta yana nan daidai da zuwan ruwa.

Akwai sharuɗɗa, kuma ba na wasa ba ne. Duk mun san halin tsaro a yankinmu. Kada kowa ya nufi dam ko daji shi kaɗai, ko ba da iznin iyaye ba. Ku tafi rukuni tare da malami, da rana, inda akwai jama'a, idan kuma aka ce hanya ba lafiya ku tsaya a harabar makaranta, nan ma akwai tsuntsaye. Kada a shiga ruwa, kada a hau itace don leƙa sheƙa, danƙo kuma a bar shi a gida. In kun gano inda ungulu take sheƙa, ku gaya wa malaminku kawai, kada ku baza a Facebook, don masu nemanta su ma suna duba waya.

Muna roƙon kowace makaranta ta ajiye littafi guda a hannun malamin bayoloji ko na aikin gona, shugaban ƙungiya ya miƙa wa na bayansa idan ya gama aji shida. Waɗanda suka fara su aiko mana da abin da suka ƙirga a watan farko, da sunan makarantarsu, za mu kawo shi a wannan fili.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.