Taga Kan Duniya: Masu tausar tafin ƙafa a Japan

Ranar zubin da ta wuce, bayan an rufe akwati, wata ƴar ƙungiyarmu ta nuna mini bidiyo a wayarta: wata mata a Japan cikin farar riga tana danna tafin ƙafar wani mutum, har barci ya kwashe shi. Ta ce, "Hajiya, wannan likita ce? Ɗiyata ta ga tallar koyon aikin, tana so in ɗaukar mata bashi." Na ce ba likita ba ce. Sauran amsar tana da tsawo, shi ya sa na kawo ta nan.

Aikin ana ce masa rifilaksoloji. Masu yin sa sun ce kowane gurbi a tafin ƙafa yana da alaƙa da wani sashe na jiki: babban yatsa na kai ne, tsakiyar ƙafa na ciki ne, haka dai. Ba Japanawa suka ƙago shi ba. Wata Ba'amurkiya, Eunice Ingham, ita ce ta fito da shi fili a littafinta na 1938. Iri biyu aka fi sani a Japan. Akwai salon Taiwan, wanda wani fada ɗan ƙasar Suwizalan, Josef Eugster, ya yaɗa. Da gaɓar yatsa ko ɗan itace ake dannawa, har babban mutum ya yi ƙara. Akwai kuma wanda suke kira salon Ingila, mai laushi, wanda ya bazu daga ƙarshen shekarun 1990, musamman wajen matan da ke yini a tsaye ko a ofis. Dama mutanen can sun saba taka tsagaggen gora idan ƙafa ta gaji, don haka abin bai zo musu baƙo ba.

To, ga inda maganar take. A Japan takarda iri biyu ce. Mai son yin tausa a matsayin magani, dokar 1947 ta ce sai ya yi karatu a makarantar da gwamnati ta amince da ita, shekara uku yanzu, ya koyi ginin jiki da cututtuka, ya ci jarrabawar ƙasa, kafin ministan kiwon lafiya ya ba shi lasisi. Kuɗin makarantar kan kai miliyoyin yen. Ita kuwa mai tausar tafin ƙafa ba ta da lasisin gwamnati ko kaɗan. Makarantu masu zaman kansu ne ke koyarwa, wasu ƴan watanni, wasu ma ta wasiƙa ko intanet, kowace kuma ta buga tata takardar shaida da nata hatimi. Takardar na iya sama miki aiki a shagon da ya san makarantar. Ba ta ba ki ikon cewa kin warkar da kowa ba.

Shi ya sa shagunan ke taka-tsantsan da baki. A allonsu "hutu" da "sauke gajiya" ake rubutawa, ba "magani" ba. Ni dai wannan ya burge ni, don binciken likitoci da aka tattara bai nuna cewa danna ƙafa na warkar da ciwon suga, ko hawan jini, ko wata cuta ba. Daɗi kam akwai, wadda ta yini kan tukunyar ƙosai ta sani. Amma daɗi daban, waraka daban.

Ta yaya suke aiki babu lasisi? Wani hukuncin kotun ƙolin ƙasar na 1960 ne ya buɗe ƙofa: ya ce irin waɗannan ayyuka ana hukunta su ne idan suna iya cutar da lafiya. Masu lasisi har yau suna kuka da wannan, kuma suna da hujja. A 2017 hukumar kare masu saye ta Japan ta ce ta tattara ƙorafi 1,483 cikin kusan shekara bakwai da rabi, na mutanen da suka ji ciwo a hannun masu tausa da gyaran jiki iri-iri marasa lasisi, ba na ƙafa kaɗai ba. Har da masu karaya.

Wani abu da ban so in wuce: tausa a Japan sana'ar makafi ce tun ɗaruruwan shekaru. Saboda su dokar ta ba gwamnati ikon hana buɗe sababbin makarantun lasisi na masu gani, kuma a 2022 kotun ƙoli ta ce hanin yana kan daidai. Sai ga shagunan sauke gajiya sun cika titi da arha, wasu awa guda ƙasa da yen 3,000, wato jika goma da ɗoriya a kuɗinmu. Makahon da ya yi shekara uku yana karatu, da su yake gogayya.

Kada kuma ku ɗauka mai farar rigar tana kwasar kuɗi. A manyan shaguna da yawa ba albashi ake biya ba, kaso ne kan kowane mutum da ta taɓa. Ranar da ba wanda ya shigo, zaman banza ta yi. Babban yatsa kuma yana gajiya, ba a sayen sabo a kasuwa.

Na ce wa mai wayar, kafin ta kawo maganar bashin gaban ƙungiya, ɗiyar ta tambayo abu uku: wa ya amince da takardar, me ta halatta mata ta yi, kuma a ina waɗanda suka gama bara suke aiki. Ta kuma tambaya ko ana koyar da wanda bai kamata a taɓa ba. A shagon kirki a Japan, kafin ki tuɓe takalmi sai an tambaye ki ko kina da juna biyu, ko zazzaɓi, ko rauni a ƙafa, ko kumburin jijiya. Idan akwai, sau da yawa haƙuri za su ba ki, su ce ki ga likita tukuna. Ta ce za ta kawo mana amsar ranar zubi mai zuwa.