Argungu Ba Ɗakin Tiki Ba Ce

A 1933 wani Ba'amurke da aka fi sani da Donn Beach ya buɗe mashaya a Hollywood, ya ƙawata ta da itacen gora, tabarmi da komar masunta. Victor Bergeron, mai Trader Vic's a Oakland, ya bi sahunsa. Daga nan salon tiki ya samo asali, ya bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da sojoji suka komo daga tsibiran tekun Fasifik, ya kai ƙololuwa bayan Hawayi ta zama jihar Amurka a 1959.

Masu kare salon kan ce nishaɗi ne kawai. A duba abin da ke cikinsa. A wajen al'ummar Mawori, Tiki sunan mutumin farko ne. A Amurka ya koma zanen kofin barasa. Barasar daga yankin Karibiyan take, abincin kuwa yawanci na Sin ne. Ma'anar tiki ke nan a taƙaice: a ɗauki kamannin mutane, a zubar da tarihinsu, a sayar wa wanda ya gaji da aikin ofis mafarkin wata aljanna marar talauci, marar siyasa.

Haɗarin da ke fuskantar bikin kamun kifi na Argungu ke nan, da bambanci ɗaya: a nan masu gida ne ke iya yi wa kansu.

Bikin ya ɗauki siffarsa ta yau a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta rufe babin doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. Sulhu ne tushensa. Ƙarƙashinsa akwai ilimin ruwa: ikon Sarkin Ruwa, hana su a Matan Fada har kifi ya girma, gwanintar homa da gora. Saboda wannan UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2016.

Amma me tallar bikin ke nunawa? Dubban ƙarti cikin taɓo, giwan ruwa a kan sikeli, manyan baƙi ƙarƙashin rumfa. Ba a cika jin batun madatsun Bakolori da Goronyo ba, waɗanda suka sauya yadda ruwa ke isowa fadamun ƙasa, ko halin da masunci ke ciki sauran kwanakin shekara.

Za a ce yawon buɗe ido na kawo kuɗi. Gaskiya ne, kuma babu aibi. Tambayar ita ce aljihun wa suke shiga, kuma wa ke ba da labarin. Masu tsara biki a Birnin Kebbi su ware kaso na abin da aka samu don kula da kogin, su ba masunta kujera a teburin shawara, su sa Gidan Tarihin Kanta a tsakiyar shirin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Biki da aka raba da kogi da masunta hoto ne kawai, kuma hoto ba ya haifar kifi.