Wa Zai Zana Injin Niƙan Dutse?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne darasin zane, wanda muka mayar lokacin hutu. Da an ce mu zana abin da muke so, sai ka ga fure da jirgin sama da gidan bene, alhali mafi yawanmu ba mu taɓa shiga jirgi ba. Ni a ganina wannan asara ce.

Ku dubi Amurka a zamanin da masana'antu suka yi mata yawa. A 1880 wani mai zane, Thomas Anshutz, ya zana ma'aikatan masana'antar ƙarfe suna hutun rana a gindin bango, wasu ba riga, hayaƙi na tashi a bayansu. Daga 1908 kuma wani malamin makaranta, Lewis Hine, ya bar aji ya shiga masaƙu da ma'adinan kwal yana ɗaukar hoton yaran da ake sa wa aiki. Masu masana'anta ba su son ganinsa, har wani lokaci sai ya yi shigar mai duba kayan kashe gobara. Yakan auna tsawon yaro da maɓallan rigarsa. Hotunan nan sun taimaka wajen tada hankalin jama'a, kodayake sai a 1938 aka sami dokar ƙasa da ta tsaya daram kan hana aikin yara.

To, mu fa? Injin bai bar mu ba. Shi aka kawo ya niƙa dutsen zinariya, ƙurar ta cika tsakar gida inda jarirai ke rarrafe. A 2010 aka gane gubar dalma ce, wadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum. Tungar Guru tana cikin ƙauyukan da aka kankare ƙasar gidajensu aka zuba sabuwa, kamar Dareta da 'Yargalma. Baƙi sun zo sun ɗauki hotuna, sun tafi da abinsu. Yaron da aka haifa bayan nan, me zai gani ya yarda?

Na san wasu iyayenmu ba su son zanen mai rai, kuma ban zo yin gardama da malamai ba. Amma rami ba shi da rai, haka injin, da buhun dutse, da turmin da aka daka dutse a cikinsa da safe aka daka gero da yamma. Turmin nan kaɗai ya isa shafi guda.

Roƙona ga Malamin Zane shi ne, zangon karatu mai zuwa ya sa kowa ya zano abu ɗaya daga garinsu da injin ya sāke, a manna a bangon ɗakin taro ranar da iyaye za su zo.