Tele Sahel, ina wasan kwaikwayon sojojinmu na sama?

A shekarar 2021 Najeriya ta fitar da fim ɗin Eagle Wings tare da haɗin gwiwar rundunar sojin samanta, har jarumin Kannywood Yakubu Mohammed ya fito a ciki. Abin da ya riƙe fim ɗin shi ne amanar da ke tsakanin matuƙa jirgin yaƙi idan ɗayansu ya shiga hannun haɗari.

Mu ma muna da labarin. A 2015 Ouma Laouali ta zama mace ta farko da ta tuƙa jirgi a rundunar sojin Nijar. Yarinyar da ke makaranta a Kelle, can ƙasar Gure, ta taɓa ganin irin wannan rayuwa a talabijin da harshenta?

Ya kamata Tele Sahel ta shirya wasa mai dogon zango kan ɗaliban sojin sama: ɗan Kelle, ɗan Agadas da ɗan Yamai a ɗaki guda, da Hausa, Barbarci da Zabarmanci. Amma kada a mayar da shi kirarin manya. A nuna faɗuwa jarrabawa, kewar gida, da uwar da ke jiran kiran waya. Matasa na gane talla tun daga minti na farko, su kuwa wayarsu na hannu.