Hukuncin Wasan Haɗa Ƙungiyar Ƙwallo Ta Waya Da Zuba Kuɗi

TAMBAYA:

Ina rubutowa daga Lafani, ƙaramar hukumar Illela. Ƙanena da abokansa sun shiga wani wasa a waya, inda ake ba kowa kuɗin bogi ya sayi 'yan ƙwallo ya haɗa ƙungiya. Kowane mako suna zuba Naira 1,000, wanda ya fi maki ya kwashe. Na ce masa caca ce, ya ce ilimi ne da lissafi, ba irin na shagon caca ba. Mene ne gaskiyar lamarin?

AMSA:

Ya ɗan'uwa, kafin a yanke wa abu hukunci sai an san yadda yake.

Wanda ya fi yaɗuwa a wayoyin matasanmu shi ne Fantasy Premier League. Ana ba mutum fam miliyan 100 na ƙarya ya zaɓi 'yan wasa 15: masu tsaron gida 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5, 'yan gaba 3, kuma ba zai ɗauki fiye da 3 daga kulob ɗaya ba. Idan ya sayi masu tsada, dole ya cike sauran gurabe da masu araha. Daga nan maki yana zuwa gwargwadon abin da 'yan wasan suka yi a fili. Shiga wannan kyauta ne. Amma a Amurka akwai kamfanoni irin su DraftKings da FanDuel da suka mayar da shi gasar kwana ɗaya, ana biyan kuɗin shiga na gaske, kamfani ya cire kasonsa, ya raba saura ga waɗanda suka zo sama.

Hujjar ƙanenka ita ce hujjar waɗannan kamfanoni. Da ita suka samu mafaka a dokar Amurka ta 2006 kan cacar intanet. Duk da haka, a Nuwamba 2015 babban lauyan jihar New York ya ce musu abin da suke yi caca ce, ya umarce su su daina karɓar kuɗin mutanen jihar, har sai da aka yi musu doka ta musamman a 2016. Ka ga ko a can an yi ja-in-ja.

A Shari'a kuwa ma'aunin a bayyane yake. Malamai sun siffanta caca da cewa kowane ɗan takara ya sa dukiyarsa, ya shiga yana tsakanin ci da asara, sakamakon kuma ya rataya ga abin da bai sani ba. To auna: mutum 20 sun zuba Naira 1,000, an tara 20,000, ɗaya ya tafi da ita, 19 sun tafi hannu wofi. Me ya ba su a madadin kuɗinsu? Babu. Wannan ya sha bamban da adashi, domin a adashi kowa zai kwashi daidai abin da ya zuba idan layinsa ya zo.

Batun ƙwarewa ba ya canza hukunci. Mai karta ma yana da ƙwarewa. Kuma duk iya lissafin ƙanenka, ba shi ne zai buga ƙwallon ba: ɗan wasan da ya kashe wa kaso mafi tsoka yana iya jin rauni a minti na 5, ko koci ya ajiye shi a benci. Allah Ya haɗa caca da giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, Ya yi umarni da nisantarsu, Ya kuma bayyana cewa da su Shaiɗan yake jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, ya shagaltar da su daga ambaton Allah da salla. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya umarci wanda ya gayyaci abokinsa caca da ya yi sadaka, alhali gayyata kawai ya yi.

Saboda haka wasan ya kasu uku:

1. Wanda ake zuba kuɗi wani ya kwashe, ko a hannun kamfani ko tsakanin abokai a gidan kallo: haramun ne, ko da Naira 100 ce.

2. Wanda ba a biyan komai, ba a cin komai: asalinsa halal ne, muddin bai sa an tozarta salla, ko an bar nema, ko an shiga zage-zage ba.

3. Wanda shiga kyauta ce amma wani na gefe ya sa kyauta: malamai sun yi saɓani. Da yawa sun taƙaita lada a gasa ga tseren doki da raƙumi da harbi, bisa hadisin Abu Huraira. Barinsa ya fi tsira, musamman idan kamfanin caca ne ya sa kyautar don jawo mutane.

Kada ka ɗauki wannan ƙaramar magana. Rufe iyaka da aka yi bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 ya taɓa abincin masu dako, 'yan kabu-kabu da 'yan canji tsakanin Illela da Ƙonni, kuma matashin da hannunsa ya bushe shi ne ya fi saurin yarda cewa waya za ta fitar da shi. A 2024 Hisba ta rufe shagunan caca a Kano, sannan a Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Amma shago ake iya rufewa. Wayar da ke aljihu sai tsoron Allah da kulawar iyali.

Ka zauna da ƙanenka cikin lumana, ban da tozartawa a gaban abokansa. Idan ya taɓa ci, ya tuba ya mayar wa kowa nasa, tunda ya san su. Abin da aka rasa mai shi a sa a maslahar jama'a. Sannan ka nuna masa cewa wanda ya iya raba jari tsakanin mai tsada da mai araha ya riga ya fara koyon kasuwanci. Ya gwada basirar a kasuwar Illela, inda riba take halal.

Allah ne mafi sani.