Rumfar Mai Gyaran Takalma a Matsayin Taskar Tarihin Yawuri

Mafi yawan nazarin da aka yi a kan ƙasar Yawuri ya karkata ne ga sarauta da yaƙe-yaƙe da dangantakar Hausawa da Gungawa da Kambari da Shangawa. Kundin digiri na biyu da Mahdi Adamu ya rubuta a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968 ya kafa tubali mai ƙarfi a wannan fanni. Sai dai tarihin ƙananan masu sana'a, irin su mai gyaran takalma a Yelwa ko Ngaski, har yanzu yana bakin iyalansu ne kawai, alhali tsofaffin da ke riƙe da shi suna ta ƙarewa.

Rumfar baduku wurin hira ce ga masunci da manomi da ɗan kasuwa yayin da suke jiran a ɗinke musu takalmi. 'Ya'yan da suka tashi suna miƙa wa mahaifinsu basilla da zare sun ji labarai da dama, ciki har da na tashin ƙauyuka lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya mamaye tsibirai da gonaki. Takardun hukuma sun adana sunayen garuruwan da aka sake wa matsuguni, amma yadda iyali ya sake kafa sana'arsa a sabon wuri, wannan sai a bakin iyalin.

Akwai kuma ribar harshe. Sauyin da aka samu daga ƙirgi da sambatsai zuwa takalmin taya da silifa da gam ya zo da sababbin kalmomi. Ararriyar kalma "shumeka" ta soma ture "baduku" a bakin matasa, kuma sunayen kayan aikin dukanci suna ɓacewa tare da masu amfani da su.

Wasu masana kan yi shakkar irin waɗannan bayanai, domin ƙwaƙwalwa takan manta, ƙauna kuma takan sa a ƙawata labarin mahaifi. Wannan gaskiya ne, amma maganinsa shi ne a tattara ruwayoyi daga gidaje da yawa a kwatanta su, kamar yadda ake yi wa kirari da tarihin sarakuna.

Ya kamata sassan nazarin Hausa, musamman na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, su tura ɗalibai Yelwa da Shanga da ƙauyukan bakin tafki su naɗi waɗannan hirarraki tun waɗanda suka ga zamanin kafin 1968 suna raye.